Kwamfutar gem da kuɗi kaɗan: me za a fara saye, me za a bari sai baɗi?

Tambaya: Wani ɗalibi daga Birnin Kebbi ya rubuto cewa yana son kwamfutar tebur ta buga gem irin su eFootball, EA Sports FC, GTA V da PUBG, amma abin da ke hannunsa ba zai sayi komai a tashi ɗaya ba. Wani mai shago ya yi masa tayin tsohuwar kwamfutar ofis mai Core i5, ya ce da an sa mata katin hoto, wato sashen da ke zana hoton gem, shi ke nan. Yana so ya san ko ya karɓa, ko ya haɗa tasa da kaɗan-kaɗan cikin shekara uku zuwa huɗu, kuma wane sashe ya kamata ya riga wane.

Amsa: Ƙanena, haɗa taka. Sai dai kuɗin farko su tafi kan sassan da ba a yin alfahari da su: madabod (babban allon da duk sassa ke hawa), fawa fak (akwatin da ke raba musu wuta), da abin da zai tsare su daga wutar garinku. Katin hoto da kowa ke ɗoki ya jira shekara ta biyu. Lamarin kamar mai gina gida ne ɗaki-ɗaki: in harsashin na ɗaki ɗaya aka haƙa, ranar da aka so ɗora bene sai an rushe.

Kwamfutar ofis ɗin ba banza ba ce. Irin su Dell OptiPlex da HP da ake shigowa da su na hannu suna da ƙarko. Matsalar ita ce ba a ƙera su don a yi musu ƙari ba. Siraran cikinsu fawa fak ɗinsu bai cika wuce wat 180 zuwa 240 ba, ba shi da wayar ciyar da katin hoto, kuma da yawa bakin wayarsa na kamfanin ne shi kaɗai, ba mai fil 24 da ake samu a kasuwa ba, don haka ba ka da damar cire shi ka sa babba. Katin da zai shiga sai gajere wanda ramin madabod kaɗai ke ba wuta, ramin kuwa wat 75 ne iyakarsa. Wato ƙananan katuna irin su GTX 1650 gajere ko RX 6400, daga nan hanya ta ƙare. Ga kuma batun Windows. Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance sai Intel zubi na 8 zuwa sama. Dubi lambar farko bayan i5: 4570 zubi na 4 ne, 6500 zubi na 6, duk an bar su a baya. In ƙwallo kaɗai za ka buga kuma ba ka da niyyar ƙara ko sisi, karɓi ta ofis ɗin. In kana da niyyar ƙari, bar masa kayansa.

Zubin farko

Soket shi ne gurbin da furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, ke zama a kan madabod, kuma wanda nake ba ka shawara shi ne AM4 na AMD. Furosesoshin Ryzen na farko sun hau shi a 2017, kuma har Ryzen 5000 shi suke hawa, shi ya sa kayansa suka cika kasuwa, sababbi da na hannu. Ka fara da Ryzen 5 5600G na 2021: ƙwaya shida, wat 65, yana zuwa da fankarsa a kwali, kuma yana da sashen hoto a cikinsa, don haka kwamfutar za ta nuna ta kuma buga gem ba tare da kati ba. Zai ɗauki eFootball da GTA V a 1080p in ka sassauta saiti. PUBG zai wahalar da shi, sai ka rage kaifin hoton zuwa 720p. Ka san da wannan tun yanzu don kada ranka ya ɓaci.

Madabod, ka nemi B550 ko B450 mai ramin RAM huɗu da ramin M.2 (inda ake sa ma'ajiyar SSD) aƙalla ɗaya, kuma akwai ƙarfen sanyaya a kan 'yan sassan wutar da ke kewaye da soket. Wannan ƙarfen a ƙasa mai sanyi ana iya yafe shi, a Kebbi ba a yafewa. B450 ta fi araha amma ta fito a 2018, kafin a yi 5600G, don haka tsohon zubinta ba zai gane furosesan ba sai an sabunta BIOS, ƙaramar manhajar cikin madabod da ke tayar da kwamfuta. Alamar ita ce fankoki na juyawa, monita baƙi ƙirin. Mutane da yawa a nan suke cewa an sayar musu da mataccen kaya, alhali kayan lafiya lau. Ka sa mai shago ya kunna maka madabod ɗin da furosesanka a kai kafin a naɗe, ko ka zaɓi mai maɓallin sabunta BIOS a baya, wanda ke karanta filash ko babu furosesa.

RAM kuwa DDR4 mai gudun 3200, 16GB, amma sanda biyu na 8GB, ba sanda ɗaya ta 16GB ba. Nan ne aka fi yin asara ba a sani ba. Sashen hoton 5600G ba shi da ma'ajiyar kansa, daga RAM yake ci. Sanda ɗaya hanya ɗaya ce mai ɗaukar kimanin 25.6GB a daƙiƙa, sanda biyu sun ninka ta. Sa su a rami na biyu da na huɗu in ka ƙirgo daga wajen furosesa. Sannan shiga BIOS ka kunna XMP, saitin da ke ba RAM cikakken gudunsa, wanda Asus ke kira DOCP, in ba haka ba RAM ɗin da ka biya kuɗin 3200 zai zauna a 2133 ko 2400 har abada, ba wanda zai gaya maka. Task Manager zai nuna maka gudun da yake yi.

Ma'ajiya, SSD na NVMe, 500GB in kuɗi sun matse, 1TB in da hali. Kada ka ɗora Windows a kan had disk. Tsohon had disk na da amfani daga baya, wajen tara fayilolin gem.

Yanzu fawa fak, inda nake so ka fi natsuwa. Akwai kesin da ake sayarwa da fawa fak a ciki, an rubuta wat 500 ko 600 a jiki, in ka ɗaga shi ba nauyi. Araha ba ta ado. Irin wannan in ya mutu ba ya tafiya shi kaɗai, yakan ja madabod da SSD. Ka sayi na kamfanin da aka sani, irin su Corsair, Seasonic, Cooler Master ko MSI, wat 550 zuwa 650, mai wayar katin hoto mai fil 8 a jikinsa, ko da yake bana ba za ka yi amfani da ita ba. Karanta takardar da ke gefensa, nemi layin 12V, ninka amf ɗin da 12. In an rubuta 45A, wat 540 ke nan, kuma daga wannan layin furosesa da kati ke sha. In babban rubutu ya ce 600 amma layin 12V ya ba ka 300, ajiye shi. Tambarin 80 Plus Bronze yana nuna ƙarancin ɓarnar wuta ne kawai, ba shi kaɗai ke tabbatar da inganci ba, amma rashinsa gaba ɗaya alama ce mara kyau.

Wata shawara: waɗannan sassan na farko ka saye su tare, ko cikin mako ɗaya. Kada ka sayi madabod a watan Janairu ka ajiye a akwati kana jiran kuɗin furosesa har Yuni. Garantin 'yan kasuwa gajere ne, kafin ka gano kayan na da matsala ya wuce. Tara kuɗin, ba kayan ba. Farashi kuwa dala yake bi, musamman tun da aka saki naira a Yunin 2023, don haka kwatanta na Kano da na Banex a Abuja da na Computer Village a Ikeja a rana ɗaya. In ta mota za a aiko maka, a ɗauki bidiyon kayan yana aiki tare da lambar jikinsa kafin a kai tasha.

Wuta, zafi, ƙura

Wannan ɓangaren shi masu bidiyon Turai ba sa magana a kai, kuma shi ya fi kashe kwamfuta a Arewa. Abin da ke ɓarna ba ɗauke wuta ba ne kaɗai, har da yadda take dawowa da ƙarfi, da yadda take yin ƙasa da yamma lokacin da kowa ya kunna kaya. Ɗaukewa kwatsam na lalata fayilolin Windows, in kuma ta same ka tsakiyar sabunta BIOS, madabod na iya ƙin tashi. UPS, na'urar batirin da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke, dole ne tun ranar farko, ka lissafa shi cikin kuɗin kwamfutar.

Kula da bambancin VA da wat. UPS mai 650VA abin da yake ɗauka a gaskiya wat 360 zuwa 390 ne. Ya ishi 5600G da monita. Ranar da kati ya shigo, jimillar za ta kai kusan wat 250 zuwa 300 ana cikin wasa, ƙaramin UPS ɗin zai yi ƙara ya mutu cikin 'yan mintuna ko ma nan take in batirin ya tsufa. Mai 1000VA zuwa 1500VA ya fi kwanciyar hankali. Aikinsa ya ba ka lokacin rufe gem ka kashe, ba ci gaba da wasa ba. Batirinsa, yawanci 12V 7Ah, ba ya son zafi: duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana rage rayuwarsa da kusan rabi, don haka ka sa ran canza shi akai-akai. In unguwarku wuta na yawan yin ƙasa, sa sitabilaiza kafin UPS. In sola kuke da ita, inbata ta zama mai tsabtatacciyar wuta irin ta NEPA, don wasu fawa fak na zamani kan yi ƙugi ko su kashe kansu a kan inbata mai arha. Janareta kuwa, kashe kwamfutar kafin a tayar, kashe ta kafin a kashe shi.

In ka taɓa kesin ka ji yana ɗan jan hannu, gidan ba shi da wayar ƙasa. Kira mai gyaran wuta ya kafa sandar ƙasa ya haɗa soket ɗinka na bango. Da damina, in hadari ya haɗo, zare filogi daga bango gaba ɗaya, har da wayar intanet in da ita.

Zafi lissafinsa mai sauƙi ne. Masu gwajin kaya a ƙasashen waje suna aunawa a ɗaki mai digiri 22 ko kusa. Daga Maris zuwa Mayu Birnin Kebbi kan haura 40. Duk abin da ɗakinka ya ƙara, furosesa da kati za su ƙara kusan daidai shi. Ryzen 5 5600G na fara rage gudun kansa in ya kai 95, a nan za ka ga gem na tafiya lafiya minti ashirin sannan ya fara tsinkewa. Don haka kesin mai raga a gaba ya fi mai gilashi da fitilu. Fanka biyu masu milimita 120 a gaba suna shigo da iska, ɗaya a baya tana fitarwa. In masu shigowa sun fi masu fita yawa, iska za ta riƙa tsiyayewa waje ta ƙananan ramuka maimakon ƙura ta shigo ta nan. Ɗora kesin a kan tebur, kada ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa.

Da hunturu, wanke ragar gaba duk mako biyu, ta bushe sarai kafin a mayar. Cikin kuma a hura shi da bulowa a waje, kana riƙe da fukafukan fanka da yatsa don kada iska ta juya su fiye da ƙima ta ci musu gindi. A wannan busasshen lokacin ne jiki ke tara tartsatsin wuta, irin wanda kake ji in ka taɓa ƙofar mota. Kafin ka taɓa RAM ko kati, zare filogi, taɓa ƙarfen kesin, kuma riƙe kaya ta gefe.

Katin hoto

Shekara ta biyu, duk abin da ka tara ya tafi nan. Shi ne ƙarin da za ka gani da idonka. Ƙa'idata ita ce kada ma'ajiyar katin ta gaza 8GB. RX 6600 na 2021 shi ya fi dacewa da wannan gini: 8GB, wat 132, fil 8 guda ɗaya, ba ya dafa ɗaki. RTX 3060 mai 12GB yana shan wat 170, RTX 4060 kuma 115, in kuɗi sun kai duk suna da kyau. Guji RX 6500 XT: 4GB ne, kuma layi huɗu kacal yake amfani da su a ramin madabod, 5600G kuwa PCIe 3.0 ne iyakarsa, tsohon zubin layukan mai ƙarancin gudu, sai katin ya shaƙe.

Za ka ga RX 580 mai 8GB a ko'ina da araha. Katin 2017 ne, yana shan wat 185, kuma da yawansu sun yi shekaru suna haƙar kuɗin kirifto ba dare ba rana kafin Ethereum ta daina wannan tsarin a Satumban 2022 a zubo su kasuwa. Akwai kuma mai laƙabin 2048SP, wanda a ƙarfi ɗan'uwan RX 570 ne. Yana buga gem ɗin da ka lissafa, amma wasu sababbin gem na 2024 da 2025 ba sa buɗewa sam sai a kati mai fasahar bin sawun haske, wadda RX 6600 da jerin RTX ke da ita, RX 580 da jerin GTX ba su da ita. In don shekara ɗaya za ka riƙe shi, to. In don huɗu ne, ƙara haƙuri ka tara.

Katin hannu ba a sayensa da ido. A sa shi a kwamfuta a gabanka. Buɗe manhajar GPU-Z mai nuna bayanan kati ka ga ko suna da girman ma'ajiya sun yi daidai da abin da aka faɗa, don akwai tsofaffin katuna da ake canza wa suna, GPU-Z kan rubuta musu alamar jabu. Duk GTX 1050 Ti ko 1060 da ka gani da shuɗin bakin VGA a baya, jabu ne, na gaske ba su da shi. Sannan a kunna manhajar gwajin kati ta FurMark ko gem mai nauyi na minti ashirin zuwa talatin. Kana neman ɗigo-ɗigon launi, layuka, ɗaukewar hoto, fanka mai ƙara ko wadda ba ta juyawa, da zafin da ke haura 85. Gwada kowane bakin HDMI da DisplayPort. Juya katin ka duba sukurorin baya ko an sha kwance su, ka kuma sunsuna, ƙauri ba ya ɓuya.

Wajen sakawa, kuskure uku ke maimaituwa. Na farko, a bar wayar monita a jikin madabod maimakon a mayar da ita jikin katin, sai a ce kati bai ƙara komai ba. Na biyu, ciyar da kati da 'yar wayar da ke juya bakin SATA zuwa fil 8. Bakin SATA wat 54 aka yi shi ya ɗauka, fil 8 kuwa 150, ƙarshenta narkewa ne. Na uku, barin tsohon direba, wato manhajar da ke sarrafa katin. In daga AMD ka koma Nvidia ko akasin haka, share tsohon da manhajar DDU kafin ka ɗora sabo.

Daga nan sai awo

Bayan kati ya shiga, kada ka ƙara sayen komai sai ka auna. Ɗora manhajar MSI Afterburner, ka sa ya riƙa nuna maka a kusurwar allo yawan aikin kati, na furosesa, RAM, zafi da FPS, wato yawan hoton da ke fita a daƙiƙa. Buga gem ɗin da ka fi bugawa. In kati na aiki kashi 95 zuwa 99 cikin ɗari, komai daidai, shi ne iyakarka, kuma sabon furosesa ba zai ƙara maka abin kirki ba. In kati na zaune a 60 ko 70 amma FPS ya ƙi hawa, ko gem na tuntuɓe a wurin da mutane suka yi yawa, furosesa ne ke riƙe shi. In RAM ya kusa cika 16GB, ƙara. In lambobin sun fara da kyau suka lalace bayan ɗan lokaci, zafi ne, maganinsa bulowa da sabon man furosesa, wanda ake shafawa tsakaninsa da ƙarfen sanyaya, ba sabon kaya ba.

Sau da yawa abin da ya fi cancanta a shekara ta uku monita ce. RX 6600 na iya fitar da hoto sama da ɗari a daƙiƙa a gem masu sauƙi, monita mai 60Hz kuwa sittin kawai za ta nuna. Mai inci 24, 1080p, 144Hz zuwa sama, da FreeSync mai daidaita gudun monita da na kati. Bayan ka haɗa, shiga saitin nuni na Windows ka zaɓi 144 da hannunka, don takan zauna a 60. Kada ka yi tsalle zuwa 1440p da wannan katin, ɗigon hotonsa ya fi na 1080p da kusan kashi 78 cikin ɗari, nauyin duk a kan kati zai sauka.

In awo ya nuna furosesa, ka sani Ryzen 5 5500 ba ci gaba ba ne, kusan 5600G ne da aka cire wa sashen hoto. Ryzen 5 5600 ya fi, ƙaramar ma'ajiyar da ke cikinsa 32MB ce maimakon 16MB, amma tazarar ba ta da girma, sai in za ka sayar da naka ka cika kaɗan. Babban tsalle a AM4 shi ne 5700X3D ko 5800X3D masu 96MB, waɗanda gem irin PUBG ke jin daɗinsu ƙwarai. Suna da wuyar samu yanzu, ba sa zuwa da fanka, kuma a zafinku sai da doguwar na'urar sanyaya mai bututun jan ƙarfe huɗu zuwa sama. Duk waɗannan ba su da sashen hoto, ranar da kati ya samu matsala allo zai yi baƙi.

Tsarin canjin furosesa: sabunta BIOS tun tsohon furosesa na kai, UPS a haɗe, batiri cike. Kunna gem na minti goma don man ya yi laushi, kashe, zare filogi, kwance sukurori a gicciye, sannan murɗa ƙarfen sanyaya hagu da dama a hankali kafin ka ɗaga. In ka fizge shi a sanyaye, furosesan AM4 kan biyo shi manne, filolinsa su lanƙwashe. Goge tsohon mai da tsumma mara gashi da sifirit, ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya. Ƙaramar alamar kusurwa uku ta furosesa ta dace da ta soket, ya faɗa da kansa, ba a dannawa.

Wajen ƙara RAM, nemi irin naka sak, kamfani ɗaya, gudu ɗaya. In an gauraya, duk za su sauko gudun mafi rauni, wani lokaci ma XMP ya ƙi zama. Bar manhajar gwajin RAM ta MemTest86 ta yi zagaye cikakke bayan ƙarin. SSD na biyu kuma, gwada shi da manhajar H2testw tun yana sabo, don akwai jabu da ke nuna 1TB alhali cikinsa bai kai ba. Da yake gem ɗaya kan haura 100GB, kuma data ba arha ba, in abokinka na da shi a Steam, shagon gem na intanet, kwafo fayilolin a had disk, ka sayi naka lasisin, Steam zai gane su ya sauke ragowar kawai. Gem ɗin sata da ake turawa a shago kan zo da ƙwayar cutar da ke haƙar kirifto da katinka a ɓoye.

Inda AM4 ya tsaya shi ne furosesa mai X3D, RAM 32GB da kati matsakaici. Bayan nan kada ka ƙara zuba masa kuɗi. AM5, soket ɗin da ya gaji AM4, ya fito a Satumban 2022, DDR5 kaɗai yake karɓa, don haka ƙaura zuwa can na nufin madabod, furosesa da RAM a tashi ɗaya. Kesin, fawa fak, SSD, kati, monita da UPS duk za su bi ka. Ajiye kwalaye da rasit na kowane sashe, da 'yar robar da furosesa ya zo a ciki, don kaya mai kwali ya fi saurin shiga a kasuwar hannu, kuma 5600G da ka cire tare da madabod ɗinsa mai shagon buga takardu zai saya ba gardama, tunda ba ya buƙatar kati.